Saƙon da Ke Zuwa Kowace Safiya

Ɗalhatu ɗan tela ne, mahaifinsa ya baro Katsina ya zauna Akokan, kusa da Arlit, yana ɗinka wa ma'aikatan ma'adinai kaki. Shi kuwa ko maɓalli bai iya ɗaurawa ba. Na san shi tun yana shara a shagon intanet don a bar shi ya taɓa kwamfuta, har muna yi masa tsiya cewa ita zai aura.

Da kasuwar uraniyom ta sake tashi, kamfanin sufurin da nake yi wa aiki ya ɗauke shi. Lokacin tawaye ne. Kamyo, wato babbar motar kaya, ba ya fita Arlit sai cikin ayari da rakiyar sojoji, ga nakiya a binne a hanya. Kamfanin yana da shafin intanet na bin sawun motoci: idan kamyo ya isa, sai a danna, saƙo ya tafi wayar iyalin direba cewa ya sauka lafiya. Aikin Ɗalhatu shi ne gwada shafin. Yana da wata manhaja mai haddace motsin hannunsa. Ya yi aikin sau ɗaya, ita kuma ta dinga maimaitawa kowace safiya don a ga ko wani abu ya lalace.

Mutumin nan yana da taurin kai ɗaya: ya tsani sunan bogi. Wai wasan yara ne. Don haka ranar da ya naɗi gwajin, sunan amininsa Amumun direba ya sa, da lambar matarsa Dassin, tunda a shafin gwaji saƙo ba ya zuwa ko'ina. Daga baya mutanen babban ofishi na Yamai suka haɗa komai da shafin gaske, ba wanda ya gaya masa.

Ayarin su Amumun ya tashi zuwa Agadas, sai shiru. Aka ce an tare su, aka ce nakiya ce, aka ce hanya kawai aka rufe. Ɗalhatu ya daina cin abincin kirki. Kullum yana kallon kibiyar allo tana tafiya ita kaɗai, ta rubuta sunan abokinsa, ta danna "ya isa", koriyar alama ta haska. Abin yana ci masa rai, amma ya ɗauka saƙon a cikin buro, wato ofishinmu, yake tsayawa.

Sai wata safiya ya duba saƙonnin da suka fita, ya ga kullum ɗaya yana zuwa wayar Dassin. Wallahi na ga fuskarsa, tausayi ya kama ni. Ya kashe manhajar, ya fita ko hula babu.

Ya tarar da Dassin tana wanke kofunan shayi a ƙofar gida.

"Madam, saƙon nan da kike samu, ba daga Agadas yake ba. Inji ne. Laifina ne."

Ba ta ɗago ba, ta amsa da Hausarta ta 'yan koyo.

"Malam Ɗalhatu, na sani tuni. Mota guda yana isa Agadas kullum kullum? Ni ba yarinya ba ne."

"To me ya sa ba ki zo kin gaya mini ba?"

Ta nuna ɗakin da ke bayanta da haɓa. Tata, mahaifiyar Amumun, tana ciki, makauniya ce, ga ciwon zuciya.

"Tsohuwa ba ya karyawa sai waya ya yi ƙara na karanta mata. Gobe saƙon zai zo?"

Ɗalhatu ya ce ƙarya ce, ba zai iya ba. Ta ce ita ma ba ta iya barci, amma tana karantawa.

Washegari na same shi a buro tun kafin mai gadi ya gama shayinsa. Har lokacin babu labarin ayarin. Ya daɗe zaune yana salati ƙasa-ƙasa. Manhajar tana kashe, ba za ta tashi da kanta ba.

Shi ya kunna ta da hannunsa, ya juya wa allon baya.