Gwaji Ne Kawai

Cikina yana wata bakwai lokacin da council, wato hukumar unguwarmu, suka liƙa takarda a ƙofar benenmu na Tottenham, wai ranar Talata da hantsi za su gwada ƙararrawar gobara. Na karanta, na manta.

Maƙwabciyata a hawa na tara wata tsohuwa ce 'yar Kazakhstan, tana zaune da 'yarta mai aikin jinya. Turancinta bai fi cikin cokali ba, da sanda kuma take tafiya. Sallama ce ta haɗa mu, kullum sai ta ɗura mini shayi da madara.

Da ƙararrawar ta ɗauka, na leƙo na sami tsohuwar a bakin ƙofa tana waige-waige. Ni da shegen iyayi na yi dariya, na ce, "Mama, it's only a test," wato gwaji ne kawai.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ta yar da sandar, ta damƙi hannuna, ta ja ni matakala. Ina cewa ta tsaya, ko a jikinta. Hawa tara, ni da tulelen ciki, ita da gwiwar da ke lanƙwashewa a kowane taki. Raina ya ɓaci, sannan tsoro ya kama ni, don in ta faɗi tare za mu gangara. A hawa na huɗu ta zame, da kyar na taro ta. Da muka fita waje ta zaunar da ni a bayan katanga, ta cire mayafinta ta lulluɓe mini ciki, ta rufe mini ido da tafinta.

Da yamma 'yarta ta shigo ba ni haƙuri. Ta ce ƙauyen uwar yana kusa da filin da gwamnatin kwaminis ta Soviet ta yi shekaru tana gwada bam ɗin nukiliya. Sojoji kan zo da safe su fitar da mutane daga ɗakuna, su ce kada a kalli hasken, gwaji ne kawai. Uwar ta haifi 'ya'ya uku kafin ita, ba wanda ya zo da cikakkiyar halitta, ba wanda ya rayu.

Kunya ta sa na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da na dawo daga asibiti da jaririna, tsohuwar ce ta fara shigowa. Ko barka ba ta yi mini ba. Ta buɗe zanen goyon, ta ƙirga yatsun hannu, ta ƙirga na ƙafa, ta sake daga farko, duk sun cika. Sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.