Eleuterio da Tsaninsa

Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe wa Eleuterio Cárcamo tsani. Duk watan Afrilu, da ganyen tuffa ya fara zuba ya toshe indararon ɗakin da yake ajiye dankali, sai ya leƙo ta shinge ya ce in zo, wai aikin raggo ya samu.

Mutum ne mai dokoki kamar alƙali. Ba a hawa da takalmin roba, don jiƙaƙƙen ganye ya fi sabulu santsi. Da safar ulu da matarsa Ercilia ta saƙa yake hawa. Manjagara ba a ajiye ta haƙora a sama, tun ranar da ya taka tasa ta fasa masa hanci, ya yi sati yana cewa saniya ce ta harbe shi. Babbar dokar kuwa: ba a hawan tsani sai da mai riƙewa. Yana sama yana tsiya, wai ina riƙe tsani kamar mai kai kaza kasuwa. Ni kuma in ce ya yi a hankali, in ya faɗo ba ni da ƙarfin ɗaukar buhun kabewa.

Bara aka kwantar da ni a asibiti a garin Castro saboda gwiwa. Hadari ya haɗu, indararo a toshe, dankalin irinsa na shekara duka yana ƙarƙashin rufin nan. Maƙwabta sun tafi taya wani haƙar dankali, Ercilia kuma ba ta da ƙarfin riƙe tsani. Daga baya ta ba ni labari cewa ya jingina tsanin, ya cire takalmi, ya taka mataki biyu, ya tsaya yana kallon inda na saba tsayawa. Sai ya sauko ya shiga ya ɗora ruwan zafi.

Kwana uku ana ruwa. Rabin irin ya ruɓe.

Da ya zo duba ni, ko sannu bai yi ba.

"Kai ka ci mini dankali, gurgu."

Na ce ai da ya hau abinsa.

"In na faɗo, wa zai zo ya yi maka dariya a nan?"

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi a watan Agusta, a kan gadonsa, ƙashinsa ko ɗaya bai taɓa karyewa ba. Ragowar irin nan ni da Ercilia muka shuka, kunya shida kawai ya kai.