Mai Awon Turbo da Shinkafa

A tashar motar Haɗeja wani dattijo yake zaune, gemu fari, riga duk baƙin mai. Tun da kuɗin fetur ya kawo mana injuna ban ga mai irin tagumin nan ba. Gabansa ƙarafa biyu ne masu kama da katantanwa, kwanson turbo na injin ban-ruwa, tsoho tsagagge da sabo fil.

Yana zagaya zare a bayan kowanne, daidai suke. Yana zura yatsu a maƙogwaron tsohon ƙarfen, uku suna shigewa. A sabon, biyu da ƙyar. Sai ya toshe su da tsumma, yana ɗura shinkafa. Tsohon ya shanye kwano guda, sabon ya amayo.

"Baba, lafiya?" in ji wani mai goro.

"Ɗan ƙanena Yelwa ya sayar mini da sabon," ya ce. "Makanike ne fa, ya san ciki ake aunawa. Da zare ya gwada, ya rantse ɗaya ne."

Ina jin wata gona a fadamar Auyo tana can tana bushewa. Amma ga shi ya sake ɗaukar zaren, don shi kaɗai ne awon da bai ƙaryata yaron ba.