Shinkafar da ke Cikin Jirgin Madam

Har yau idan warin gam ya bugi hancina, irin wanda ake narkawa a kan wuta, sai in tsinci kaina a shagon maigidana Usta Ramadan da ke unguwar Zamalek, cikin sanyin 2014. Ku da kuka zo aiki shagon bayana ba ku tarar da abin ba, shi ya sa nake so ku ji.

Karatu ne ya kai ni Alƙahira. Ina zaune a unguwar Faisal, da rana kuma ina aiki a shagon. Gyaran tsofaffin kayan ado muke yi: agogon bango, akwatunan katako, firam ɗin hoto. Ni nake karɓar kaya in tambayi abin da ya lalace, Usta ya gyara daga ciki. Yana da halin tsofaffin masu sana'ar garin: ba ya mayar da abu sai ya goge shi tas, ya kuma ƙara wani abin da ba a roƙe shi ba, kyauta. A wurinsa mutuncin sana'a ke nan.

Wata Talata wani mai gadin bene ya kawo ɗan jirgin sama na katako, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Ya ce na Madam Sumiko ne, wata tsohuwa 'yar Japan da ta auri likita Bamisire, ya rasu ya bar ta. Fiffike ne ya karye, iyakar saƙon ke nan.

Usta ya ɗaure fiffiken har ba a ganin tabo. Sai ya leƙa mazaunin matuƙi, wani ɗan rami a buɗe, ya tarar da busasshiyar shinkafa ta daskare a ciki, ta ƙasan har ta yi baƙi. Ya ce aikin jikoki ne. Ya kankare ta, sannan ya yanka ɗan murfin gilashi ya rufe ramin saboda ƙura. Ni ma na yaba. Kyau ya yi.

Ranar Alhamis Madam ta zo da kanta, tana dogara sanda, idonta ya yi rauni. Ba ta duba jirgin ba, shafa shi ta yi. Tana shafawa tana ba mu labari da Larabcin da ya fi nawa. Ta ce yayanta ne ya sassaƙa shi kafin ya shiga soja. Lokacin da irin jirgin ya fito abin kallo ne a ƙasarsu: jikin ƙarfe, fiffike ɗaya a ƙasa maimakon mai hawa biyu na da, tayoyi a tsaye ba sa naɗewa. Da shi aka fara yaƙi a sararin Sin.

Sai yatsanta ya ci karo da gilashin.

"Wa ya rufe shi?"

Usta ya yi murmushi ya ce kyauta ce daga shago. Ta ce jirgin na gaske ba shi da murfi. An taɓa sa masa, matuƙan suka ƙi, suna son ganin sama sosai. Usta ya ce ma'alish, ta yi haƙuri, yanzu zai cire. Ya ɗaga shi da bakin wuƙa a hankali. Ta tura yatsa cikin ramin, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Ya Usta, ina shinkafar?"

Ta ce kullum da safe takan sa wa yayanta ƙwaya ɗaya a ramin, kada ya yi tafiya da yunwa. Ta saman tata ce. Ta ƙasan, wadda ta yi baƙi, mahaifiyarsu ce ta zuba da hannunta.

Ban taɓa ganin Usta ya durƙusa ba sai ranar. Ya shiga ƙarƙashin tebur yana tattara garin katako da tafinsa, ni kuma na zazzage kwandon shara, alhali na san mai shara ya kwashe tun jiya. Ajiye wa wanda ya tafi abinci ba aƙidarmu ba ce, amma babu wanda ya yi tunanin haka a lokacin. Madam ta ce, "Khalas, ya isa, 'yata, tashi. Kada ki ɓata mayafinki." Ta rungume jirgin ta fita. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da mun fi samun sauƙi.

Daga ranar Usta ya sauya min tambaya. Ban da abin da ya lalace, sai na tambayi abin da ba za a taɓa ba, kuma daga bakin mai kayan, ba ɗan aike ba. Ita ce tambayar da na tarar kuna tsallakewa idan shago ya cika.

Sai bayan Madam ta rasu 'yarta ta kawo agogo gyara, muka yi hira. Ta ce a ƙarshen yaƙin duniya na biyu jiragen sun tsufa, sai aka riƙa ba masu koyon tuƙi su je su faɗa kan jiragen ruwan abokan gaba, kawunta na cikinsu. An aiko wa kakarta da akwatin gawarsa. Da ta buɗe, babu komai a ciki.