Kanada a Ɗakin Kifi

Duk wanda ya taɓa sayen kifin ƙanƙara a unguwar Plaine Orety ya san Oumarou, mutumin Tahoua, siriri kamar tsinken tsire, ga bakin tsiya. Tun yana saurayi ya sauka Libreville. Ya yi dako, ya yi gadi, har ya zama mai riƙe makullin ɗakin sanyi na wani ɗan kasuwa. Matarsa da yara suna can gida. A duk faɗin garin nan mutum ɗaya gare shi, Abdulkuddus direban taksi, abokin cin tuwonsa kuma abokin faɗansa.

Kwatsam sai ga Abdulkuddus da zancen Kanada. Ƙaninsa da ke can ya samo masa hanya, yana ta turo bidiyon mutane suna hawan dutsen ƙanƙara da igiya, suna kwana a tanti. Hankalin Oumarou ya tashi ƙwarai. In wannan ya tafi, wa ya rage masa? Amma ya buɗe baki ya ce kada ka tafi? Haba, ina!

"Kai da fanka ke sa wa mura?" in ji Oumarou. "Zo ranar Asabar in nuna maka Kanada kyauta."

Ranar Asabar da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin sanyin, ya ce ga tanti. Ya nuna tulin kwalayen kifi da suka kusa taɓa rufi, ya ce ga dutse, bismillah. Shi a lissafinsa, kafin a sha shayin farko mutumin zai fita da gudu yana salati.

Abdulkuddus ya tattare riga, ya dafa, ya haye har ƙoli, ya zauna yana kaɗa ƙafa. Bawan Allah da ya shekara goma yana dahuwa cikin taksi! "Wayyo daɗi," ya ce. "Kawo shayin nan, ɗan uwa."

A nan asirin Oumarou ya tonu. Shi aikinsa shiga da fita ne, bai taɓa zama a ciki ba. Ga shi da bakinsa ya ce za a sha shayi, kuma mutumin Tahoua ba ya sallamar baƙo kafin kofi na uku. Ya dafa shayin a bakin ƙofa, ya shigo da shi, haƙora na kaɗawa, kofuna na ƙara a faranti. Abdulkuddus kuwa kurɓa yake a hankali, har da neman ƙarin kumfa.

Da suka fito rana, Abdulkuddus ya riƙe hannunsa gam.

"Allah ya saka maka. Wallahi jiya na yanke shawarar fasawa, tsoron sanyi ya hana ni sakat. Kai ka cire min shi. Gobe zan kira ƙanina."

Oumarou ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta riga shi. Ya juya yana share ido, ya ce sanyin ne.