Iskar Bayan Ɗakin Maganin Feshi

Tun ranar da ɗiyata ta fara rarrafe, ba ni da fargabar da ta wuce kada ta faɗa kanal, wato babban magudanar ruwan noman rani. A lokacin ruwan dam ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, mun dawo kusa da Talata Mafara, maigidana yana lebura a wurin aikin noman rani, ni ina soya ƙosai ina sayar wa ma'aikata. Sauran mata a bakin kanal suke kasa kayansu. Ni na ƙi. Na ɗauki kaskona na koma bayan wani ɗakin bulo da ake ajiye maganin feshin gona, inda inuwa ba ta tashi sai la'asar.

A jikin bangon akwai wata kafa mai raga, daidai gwiwata, iska na fitowa daga cikinta ba tsayawa. Cikin zafin bazara wannan ai ni'ima ce. Nan nake shimfiɗa zane in kwantar da yarinyar, har ina murna iska na kaɗa mata riga. Akwai ɗan wari kamar na kananzir, amma ina ne ba ya wari a wurin aikin nan?

Ba a yi kwana goma ba ta fara tari, idanu na ruwa, yawu na dalala, nono ma ta ƙi. Kakarta ta ce haƙori ne. Ni dai na lura ran Juma'a da ba mu fita tana samun sauƙi, ran Asabar abin ya dawo.

Wata rana mai gadin ɗakin, wani dattijo mutumin Bakura, ya zagayo sayen ƙosai. Da ya ga inda take kwance sai ya saki salati.

"Ke ɗiyag ga, ɗauke ta! Nan kike aje ta kullum?"

"Baba, iska take sha."

"Iskam mi? Taho ki gani."

Ya kai ni bakin ƙofar ɗakin, ya zare zare daga rawaninsa, ya riƙe a ƙasan ƙofa. Zaren ya miƙe ya nufi ciki kamar ana jan sa. Ya ce akwai fanka a ciki, aikinta ta jawo iska ta ƙofa don kada warin maganin ya fito ya shiga ofis, sannan ta kwashe gubar ta turo ta waje ta kafar baya.

"Injiniya ya ce baya ba kowa. Hakanan takardassu ta nuna."

Ba kowa! Mutanen da suka iya tsare kogi, suka iya juya iska ta bi inda suke so, a ce ba su san duk inda bango ya yi inuwa a ƙasar nan sai mutum ya zauna ba? Akuya ma ta sani. Sun kare hancin masu ofis, sun turo sauran daidai fuskar jaririya.

Na goya ta na ruga asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har ta girma ƙirjinta na kuka in sanyi ya shigo. Dattijon ya kai magana sama. Abin da suka yi, sai suka kafa allo da rubutun Turanci. Kasuwa biyu tsakani na iske wata mai fura zaune ƙarƙashin allon, da goyonta. Da hannu na janye ta.

Kai mai karatu, in ɗanka ko ƙanenka na cikin masu zana irin ɗakunan nan, don Allah ka ce masa ya ɗaga bututun iskar ya wuce rufi. Kuma kafin ya rubuta ba kowa, ya zagaya baya da azahar ya duba.