Yaji a Bakin Ladi

Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma lokacin da ake ta kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas zuwa Abuja ne. Babanmu lebura ne a wajen gini, muna zaune a Karmo, ɗaki biyu na langa-langa. Kakarmu Inna tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, kuma in ta sauke kasko bayan magariba mukan kewaye sauran garwashin. Ina iya tuna ɗumin cinyarta da ƙanshin man gyaɗa a zaninta. Ina son Inna. Na ga ya kamata in fara faɗin wannan.

Ƙanwata Ladi, mai shekara biyar, ba ta barin komai ya wuce. Me ya sa matan Gbagyi ke ɗaukar itace a kafaɗa, mu a ka? Gonar da katafila ta baje, ina masu ita suka koma? Inna ta tsani wannan hali. A ganinta baƙon gari da yawan tambaya ba ya daɗewa.

Wata rana Inna ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe. Kunne a buɗe, baki a rufe."

Labarin wata yarinya ce da ta tambayi rijiya wa ya haƙa ta, rijiya ta gaya mata. Ta tambayi tsintsiya wa ya ɗaure mata ƙugu, tsintsiya ta gaya mata. Sai ta je wurin dutsen niƙa ta ce, "Kai me kake ci?" Dutse ya ce, "Sa harshenki ki ɗanɗana." Ta sa, ya niƙe shi liƙis. Daga ranar ba ta sake magana ba, gari ya huta.

Sai Ladi ta ce, "To Inna, in ba ta da harshe, wa ta gaya wa har kika ji?"

"Au, haka ne, 'yar lauya? Binta, riƙe min hannunta."

Ni ce Binta. Na riƙe. Inna ta lakato yajin ƙosai ta murza mata a leɓe har cikin dasashi. Yaran maƙwabta suna ta dariya, ina jin ni ma na yi. An maimaita hakan sau uku ko huɗu a daminar shekarar, har Ladi ta daina.

Da aka buɗe ɗaukar 'yan aji ɗaya, gurbi ya yi kaɗan saboda 'ya'yan sababbin ma'aikata. Ni na raka ta, don ina aji uku. Ta ɗora hannu bisa kai ta taɓo kunne, ta tsallake wannan. Sai malamin ya ajiye maganaɗisu da ƙusoshi a kan tebur, ya zuba wa yara ido. Ɗan wani akawu ya wawure shi yana zuba tambaya da Turanci. Ladi ta dubi abin, ta dube ni, ta sa tafin hannu ta rufe bakinta.

Malamin, da Hausarsa ta kasuwa, ya ce, "Wannan yarinya bai shirya ba. Kai ka kawo shi baɗi."

Kafin baɗi an ɗora mata tiren ƙosai.

Na yi digiri a fannin ilimin ƙananan yara. Mun karanta cewa gidan da yaro ya fito yana iya shafar shirinsa na makaranta, kuma ban musa ba. Sai dai takardun da muke cikawa suna tambayar sana'ar uba da littattafan da ke gida. Ban taɓa ganin layin da ke tambayar wanda ya riƙe hannun yaro ba. Wataƙila Inna tsoro ne ya sa ta. Ni ban san me ya sa ni ba.

Bara na sami Ladi a rumfarta ta abinci a Dei-Dei, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye ta ko ta tuna ranar.

Ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce, "Ƙarfen nan da ƙusoshi ke bi? Kullum. Yaya, ke da kika yi boko, wai me ke jan su?"

Na buɗe baki, na ga ashe ni ma ban taɓa tambaya ba.